Kwinin da Bindiga Mai Ruwa: Abin da Ya Buɗe wa Turawa Ƙasar Hausa

Duk sa'ad da aka tayar da zancen zuwan Turawa ƙasar nan, abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne igwa da bindiga mai ruwa. Ba shakka waɗannan makamai sun yi ɓarna. Amma akwai wata tambaya da ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi wa kansa. Turawa sun san gaɓar tekun Afirka ta Yamma tun ƙarni na 15, to me ya hana su shigowa tsakiyar ƙasa da yaƙi har sai da ƙarni na 19 ya kusa ƙarewa? Amsoshin suna da yawa, amma ɗaya daga cikin manyansu shi ne sauro. Abin da ya karya lagon sauro kuwa wani magani ne mai ɗan karen ɗaci, wato kwinin.

A wancan zamani Turawa da kansu suna kiran wannan yanki namu kabarin Bature. A 1824 Likita Oudney ya mutu kusa da Katagum a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Abokin tafiyarsa Clapperton, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa, shi ma ya mutu a Sakkwato a 1827. A 1832 wani ɗan kasuwa mai suna Macgregor Laird ya shigo kogin Kwara da jiragen ruwa biyu masu aiki da tururi. Ɗaya daga cikinsu ma sunan Hausa aka raɗa masa, wato Albarka, amma tafiyar ba ta yi albarka ba, domin daga cikin Turawa 48 mutum 9 kaɗai suka koma gida. A 1841 gwamnatin Ingila ta sake turo jirage uku da Turawa kimanin 150 don su kafa gona a Lakwaja. Cikin 'yan watanni fiye da 40 suka mutu, akasari da zazzaɓi, aka watse. A cikin wannan ayari ne akwai J. F. Schön, wanda daga baya ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876.

Shi kwinin asalinsa sassaƙe ne na wata bishiya da ke tsirowa a duwatsun Amurka ta Kudu, wajen ƙasar Peru. Tun ƙarni na 17 ake kai sassaƙen Turai ana jiƙa wa masu zazzaɓi. A 1820 wasu masana haɗa magunguna biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin da ke cikinsa, ya zamana ana iya auna shi daidai gwargwado. Sannu a hankali likitocin jiragen ruwa suka gane cewa ba sai mutum ya kwanta ba, in yana shan kaɗan kullum, zazzaɓin ba ya ka da shi. Likita William Baikie ya gwada haka a 1854. Ya shiga Kwara da Binuwai a jirgi mai suna Pleiad, ya sa Turawan da ke tare da shi shan kwinin kowace rana, suka shafe kusan wata huɗu a ruwa, suka fito ba wanda ya mutu. Shi Baikie ɗin nan daga baya ya zauna a Lakwaja, har ya ziyarci Kano a 1862. Daga wannan lokaci kogi ya zama hanya, 'yan kasuwa suka biyo, kamfani ya kafu, sojoji suka biyo bayan kamfani.

A nan ne bindiga ta shigo. Hiram Maxim ya ƙera tasa a 1884. Hikimarta ita ce, ƙarfin da kan tura bindiga baya in an harba, shi ne ke fitar da kwanson da ya fashe, ya ɗura sabon harsashi, ta yadda takan zubar da harsashi wajen 500 zuwa 600 a minti guda. Saboda zafin da bakinta ke ɗauka sai aka kewaye shi da ma'ajin ruwa, dalilin da ya sa kakanninmu suka kira ta mai ruwa ke nan. Mahayin da ya sha lifidi da sulke, komai jarumtakarsa, sai ya ƙetare fili kafin mashinsa ya kai ga abokin gaba, a wannan fili kuwa ake gama da shi.

Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja. Zariya ta shiga hannu a 1902. Rundunar da Kanar Morland ya ja zuwa Kano sojoji ne baƙar fata 700 da 'yan kai, da yawansu masu jin Hausa, da Turawan da ba su wuce 40 ba, da igwa huɗu da mai ruwa huɗu. Suka ci birnin ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya a Sakkwato, ranar 27 ga Yuli kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi. A lura da yawan Turawan nan. Da a ce zazzaɓi yana kwashe su kamar yadda ya kwashe mutanen Laird, da ba a sami mai ba da oda ba.

Ita kanta Kaduna akwai hannun sauro a tarihinta. A 1880 Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin wani soja a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ke ɗauke da ita. Zungeru, hedikwatar Lugga, wuri ne mai zafi da sauro, saboda haka aka nemi wani mai ruwan sha da hanyar jirgin ƙasa a nan ƙasar Gbagyi. Sojoji suka fara tarewa a 1913, gwamnati ta biyo a 1917. Dokar tsara garuruwa ta lokacin ta ce a bar fili yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauron da ya ciji yaranmu ya kai gare su. An kare mai mulki, an bar talaka da zazzaɓinsa.

Wannan dangantaka ta yaƙi da magani ba ta tsaya nan ba. Da Japan ta kama tsibirin Java a 1942, inda ake noman akasarin bishiyar kwinin, dole Amurka ta nemi madadi, aka fito da kulorokwin wanda Jamusawa suka haɗa tun 1934. Da cutar ta daina jin kulorokwin a yaƙin Biyetnam, ƙasar Sin ta kafa shirin bincike na soja a 1967, inda wata mata mai suna Tu Youyou ta tace magani daga wani ganye dangin tazargade. Shi ne tushen magungunan zazzaɓi da Nijeriya ta koma wa wajen 2005, ita kuma ta sami kyautar Nobel a 2015. Haka nan a yaƙin Bangaladash na 1971, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira, ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ya ƙare, sai Likita Dilip Mahalanabis ya sa a riƙa ba su ruwan gishiri da sukari. Mace-mace suka sauko daga kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Mu da ke zaune kusa da kogin Kaduna, daga Narayi zuwa Barnawa da Kakuri, wannan ba labarin nesa ba ne. Garin nan ya ga ambaliyar 2003 da ta 2012. In ruwa ya janye yakan bar rijiyoyi a gurɓace da kududdufai cike da 'ya'yan sauro, sai gudawa da zazzaɓi su biyo baya. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, da ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, suna iya riƙe ran yaro kafin a kai shi asibiti. Gidan sauro kuwa ya fi kowace allura araha.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa da ke sha'awar ƙagaggun labarai na tarihi. Kada a tsaya ga ƙarar tambari da ƙyallin takobi kaɗai. A bincika me mayaƙa suka sha, me suka ci, wace cuta ta kwantar da su, da me kuma suka yi maganinta. Kakanninmu ba su rasa zuciya a Giginya da Burmi ba, wani sani ne ya riga su isowa hannun abokan gaba. Hausawa dai sun ce ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido.