Yadda Ake Ƙiyasta Farashin Tsohuwar Motar Amurka Mai Ƙwanji da Aka Yi wa Sauyi

A watan Yunin 2014, a wani gwanjo da kamfanin Mecum ya gudanar a birnin Seattle na ƙasar Amurka, an sallama wata mota ƙirar Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971, mai rufin da ake naɗewa, a kan dala miliyan 3.5. Dalilai biyu ne suka kai ta wannan matsayi: irinta da aka ƙera a waccan shekara ba su kai 15 ba, kuma injin da ke cikinta shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta. Da a ce wani ya cire wannan inji ya sa mata na zamani da ya fi shi ƙarfi, da motar ta ƙara gudu, amma da kaso mai tsoka na kuɗinta ya salwanta.

Sai dai wannan aikin da zai karya darajar waccan motar, shi ne kuma yake ɗaga darajar wata 'yar'uwarta da aka ƙera da yawa. Wannan ne ya sa ƙiyasta farashin tsohuwar motar da aka yi wa sauyi ya zama ɗaya daga cikin ayyuka masu wuya a kasuwar motocin tarihi, kuma kuskure a cikinsa yakan jawo wa mai saye, ko magada, ko mai inshora asarar dubban daloli.

Mece ce mota mai ƙwanji?

Laƙabi ne da Amurkawa suka ba wasu motoci matsakaita, galibi masu ƙofa biyu, waɗanda aka ɗora wa manyan injina masu silinda takwas domin gudu. Akasari ana danganta farkon zamaninsu da Pontiac GTO ta 1964, mai injin lita 6.4, wadda aka sayar da fiye da 32,000 a shekararta ta farko. Daga nan sauran kamfanoni suka shiga gasa: Dodge Charger, Plymouth Road Runner, Chevrolet Chevelle SS, tare da manyan nau'o'in Ford Mustang da Chevrolet Camaro. Injin Hemi na kamfanin Chrysler, mai lita 7, an tallata shi da ƙarfin doki 425, yayin da Chevelle mai injin LS6 ta 1970 ta kai 450.

Zamanin bai yi tsawo ba. Dokar tsaftace iska ta 1970, da tsadar inshora ga matasan direbobi, da rikicin man fetur na 1973 sun haɗu suka kawo ƙarshensa. Motocin da suka rage a yau sun haura shekara 50, kuma kaɗan ne daga cikinsu ba a taɓa canza musu komai ba.

Wane farashi ake nufi?

Mota ɗaya takan ɗauki lambobi huɗu da ake yawan rikita su. Akwai kuɗin da mai ita ya kashe, akwai wanda ya sa mata a talla, akwai wanda kamfanin inshora ya amince zai biya idan ta salwanta, sannan akwai farashin adalci na kasuwa. Hukumar haraji ta Amurka tana ɗaukar wannan na ƙarshe a matsayin kuɗin da mai saye da mai sayarwa za su daidaita a kai, idan babu wanda aka tilasta a cikinsu, kuma kowannensu ya san gaskiyar abin da ake ciniki.

Lambar da ta fi yaudarar masu motoci ita ce ta farko. Mutum ya shafe shekaru yana zuba kuɗi, ya tara rasit cike da jaka, sai ya ɗauka jimillarsu ita ce darajar motar. Kasuwa ba ta lissafi haka. Kuɗin kayan gyara yakan dawo wani sashe, ladan ma'aikata ya fi wuyar dawowa, lokacin da mai motar ya ɓata da hannunsa kuwa kusan ba a biyansa. Rasit hujja ne cewa an yi aikin. Ba ya tilasta wa kowa biyan kuɗinsa.

Mataki na farko: asalin motar

Kafin a dubi abin da aka ƙara, sai an san yadda motar ta fito daga masana'anta. Lambar shaidar mota mai haruffa da alƙaluma 17 da ake amfani da ita a yau ta fara aiki ne a 1981. Kafin nan kowane kamfani yana da tsarinsa, shi ya sa karanta lambar tsohuwar mota ke buƙatar sani na musamman.

A motocin Dodge da Plymouth na 1970 da 1971, harafi na biyar a lambar yana nuna injin, kuma harafin R yana nufin Hemi. Suna kuma da ɗan allon ƙarfe a ɗakin inji wanda ke ɗauke da bayanin launi da kayan da aka sa musu, wani lokaci ma akan tsinci takardar haɗa motar a maƙale a ƙarƙashin kujera. Ga motocin Ford daga 1967, kamfanin Marti Auto Works yana fitar da rahoto daga kundin masana'anta. Ga Pontiac kuwa, cibiyar Pontiac Historic Services ce ke ba da kwafin takardun asali, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga GTO ta 1964 da 1965, domin lambarta ba ta bambanta ta da LeMans.

Chevrolet ce ta fi wahala. Lambar Chevelle ta 1970 ba ta nuna ko SS ce, don haka sai an dogara da takardun da suka biyo motar. Injin LS6 guda 4,475 aka ƙera a waccan shekara, amma masu harkar kan yi ba'a cewa waɗanda ke yawo a kasuwa yanzu sun fi haka yawa.

Daga wajajen 1968, kamfanonin sun riƙa buga sashen lambar mota a jikin inji da giya. Idan lambobin suka dace da juna, ana ɗaukar motar a matsayin mai kayanta na asali, kuma wannan shi ne abu mafi tsada a motocin da ba su da yawa. Akwai masu goge tsohuwar lamba su buga sabuwa, don haka ƙwararru sukan duba siffar alƙaluman da saman ƙarfen da aka buga su. Sauya lambar shaidar mota da nufin yaudara laifi ne a dokar tarayyar Amurka.

Ire-iren sauyi da tasirinsu

Na farko shi ne sauyin da ake iya warwarewa: tayoyi, salansa, kafireta, rediyo. Irin wannan ba ya rage daraja sosai, musamman idan mai motar ya adana kayan asali zai miƙa su tare da ita.

Na biyu shi ne kwaikwayo, inda ake ɗaukar mota gama-gari a yi mata tambari da fenti da injin wata mai tsada. Babu laifi a ciki muddin an bayyana, amma farashinta yana bin asalinta ne da ingancin aikin, kuma yana can ƙasa da na wadda aka kwaikwaya.

Na uku shi ne wanda 'yan kasuwar ke kira restomod: tsohuwar siffa a waje, kayan zamani a ciki. Akan sa injin LS na General Motors, ko Coyote na Ford mai lita 5, ko Hellcat na Dodge mai ƙarfin doki 707, a haɗa da sabuwar giya, birkin faifai, na'urar sanyaya ɗaki, wani lokaci har da sabon casis ɗungurungum. Idan aka yi wannan aiki da kyau a kan motar da asalinta ƙaramin inji gare ta, takan fi takwararta da ba a taɓa ba tsada, domin akwai masu saye da yawa da ke son tsohuwar siffa amma ba sa son wahalar tsohon inji.

Na huɗu shi ne sauyin da ya taɓa ƙashin motar, kamar yanke bodi don shigar da manyan tayoyin tsere ko walda ƙarafan kariya a ciki. Wannan yana taƙaita masu saye. Haka nan duk abin da ya dogara da son ran mutum ɗaya ko yayin wani zamani, kamar launi mai ɗaukar ido ko zane a jikin mota.

Ƙa'idar da ke tafe a cikin waɗannan duka ita ce: gwargwadon ƙarancin mota a asalinta, gwargwadon asarar da sauyi ke jawo mata.

Tarihi yakan karya wannan ƙa'ida. Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt an yi mata sauye-sauye saboda ɗaukar fim, ta kuma tsufa ba a sabunta ta ba, amma an sayar da ita dala miliyan 3.74 a gwanjon Mecum na Kissimmee a Janairun 2020. Mustang ta 1967 da aka sani da Eleanor a fim ɗin Gone in 60 Seconds na shekarar 2000 ta kai dala miliyan ɗaya a 2013. Masu sayen sun biya kuɗin tarihin waɗannan motoci biyu ne, kuma kwaikwayonsu ba ya gadon wannan farashi.

Ingancin aiki da lafiyar bodi

Fenti mai sheƙi yakan zama kyan ɗan maciji. Tsatsa ita ce babbar abokiyar gabar waɗannan motoci, kuma gyaranta ya fi gyaran inji cin kuɗi. Mai ƙiyasi yakan ɗaga motar ya duba ƙasanta, da daɓen but, da gindin gilashin gaba, da ƙarafan da ke riƙe da nauyinta. Wannan ya fi muhimmanci ga Mustang da motocin Chrysler, waɗanda bodinsu da casis ɗinsu a haɗe suke. Yakan bi jikin motar da maganaɗisu ko na'urar auna kaurin fenti, domin gano wuraren da aka cike lotsa da kwaɓi maimakon ƙarfe.

Sannan ya duba ko sauye-sauyen sun dace da juna. Injin da aka ninka ƙarfinsa alhali birki da lagireto da ƙarfen tayoyin baya na da ne, haɗari ne, kuma za a cire kuɗin kammala aikin daga farashi. Tsaftar walda, tsarin wayoyin lantarki da daidaiton ƙofofi suna nuna hannun wanda ya yi aikin. Sunan garejin ma yana da kuɗinsa: motar da ta fito daga fitaccen wuri irin Ringbrothers na jihar Wisconsin tana samun masu saye da ba za su kalli aikin bayan gida ba. Agogon nisan tafiya kuwa ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, domin na wancan zamani yana komawa sifili ne bayan mil 99,999.

Kwatanta da cinikin da aka riga aka yi

Kamfanin Hagerty yana wallafa jadawalin farashi da ya kasa lafiyar mota gida huɗu, daga ta ɗaya, wadda ta isa shiga gasar nuni, zuwa ta huɗu, wadda ake hawa amma tana da aibobi a bayyane. An gina jadawalin ne a kan motocin da ke siffarsu ta asali, don haka ga wadda aka sauya, mafari kawai yake bayarwa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce sakamakon gwanjo na Barrett-Jackson, da Mecum, da shafin intanet na Bring a Trailer. Ana neman motoci uku zuwa biyar masu ƙira ɗaya, shekara ɗaya ko kusa, sauyi iri ɗaya, waɗanda aka sallama a 'yan watannin baya. Kuɗin talla ba hujja ba ne, haka ma tayin da mai mota ya ƙi sallamawa. Dole a kula da lokaci, domin farashin waɗannan motoci ya yi tashin gwauron zabo a tsakiyar shekarun 2000, ya faɗi bayan rikicin tattalin arziki na 2008, ya sake hawa a 2021 da 2022. Dole kuma a kula da la'ada: a manyan gwanjo mai saye yakan biya kusan kashi 10 cikin 100 a kan kuɗin da aka buga guduma, mai sayarwa ma ana cire nasa kason.

A ɗauka, alal misali, an samu motoci uku masu kama da wadda ake ƙiyastawa, an sayar da su dala 66,000 da 71,500 da 77,000 har da la'adar mai saye. Idan aka cire la'adar, kuɗin guduma ya zama 60,000 da 65,000 da 70,000. Idan motar da ke gaban mai ƙiyasi tana buƙatar aikin birki da na tsatsa na dala 8,000, farashinta zai faɗa tsakanin 52,000 da 62,000, ko da rasit ɗin mai ita ya kai 100,000. Ƙiyasi nagari yakan fito ne da iyaka ta ƙasa da ta sama, ba lamba ɗaya tak ba.

Inshora, gado da haraji

Inshorar mota ta yau da kullum tana biyan darajar mota bayan an cire tsufa, kuma sau da yawa ba ta lissafa kayan da aka ƙara. Saboda haka masu irin waɗannan motoci ke neman yarjejeniyar da ake rubuta adadin da za a biya tun farko. A nan ne rasit da hotunan matakan aiki suke da cikakken amfani, domin abin da ake aunawa shi ne kuɗin sake haɗa irinta. Wannan adadi yakan fi farashin kasuwa, kuma kuskure ne a ɗauke shi a matsayin kuɗin sayarwa.

Wajen rabon gado, ko rabuwar aure, ko ba da mota kyauta ga ƙungiyar agaji, farashin kasuwa ake bi. Hukumar haraji ta Amurka tana neman rubutaccen ƙiyasi daga ƙwararre ga kyautar kadarar da ta haura dala 5,000 idan ana son rangwamen haraji a kanta. Sharaɗin da ya fi kowanne shi ne mai ƙiyasin ya zama ba shi da rabo a cinikin, ladansa kuma bai dogara da yawan kuɗin da ya rubuta ba.

Ga mai saye daga nesa, kuɗin hayar wanda zai je ya ɗaga motar, ya karanta lambobinta, ya kuma tuƙa ta, ƙalilan ne idan aka kwatanta da abin da cinikin biri a sama ke iya jawowa.