Daga Burusel zuwa Kinshasa: kwana 51 da suka koma awa 8, da zangunan Nijar

Nisan da ke tsakanin filin jirgin saman Burusel, babban birnin Beljik, da na Kinshasa ya kai kimanin kilomita 6200 in an bi miƙaƙƙen layi, kuma jirgin fasinja na yau yana cinye shi cikin awa 8 ko kusa da haka. Abin da muke son dubawa a wannan ƴar takarda shi ne yadda lokacin tafiyar ya yi ta raguwa tun 1925, da kuma abin da raguwar ta jawo wa garuruwan da ke kan hanya, wato Yamai da Damagaram.

Ran 12 ga Fabrairu 1925 Edmond Thieffry da abokan tafiyarsa biyu suka tashi daga Burusel cikin jirgi mai inji uku ƙirar Handley Page. Ba su sauka Léopoldville (Kinshasa ta yanzu) ba sai ran 3 ga Afrilu: kwana 51 ke nan, alhali kuwa awa 75 da ƴan mintoci kawai suka yi a sama. Sauran lokacin duk a ƙasa ya tafi, wajen gyara da jiran kayan gyara da jiran yanayi. Hanyar ma ba miƙaƙƙiya ba ce, ta kai kusan kilomita 8000, domin dole jirgi ya bi inda aka ajiye masa mai: Oran, Colomb-Béchar, Gao, Fort-Lamy (Njamaina), Bangi. Saboda haka muke ganin kuskure ne mai bincike ya raba nisa da gudun jirgi ya ce ya san tsawon tafiya a wancan zamani. Adadin zanguna ne ke yanke hukunci, kamar dai ayarin raƙuma da ke auna hanya da rijiyoyi.

A Fabrairu 1935 kamfanin Sabena ya buɗe layin fasinja da wasiƙu da jirgin Fokker, tafiyar ta koma kwana biyar da rabi. Layin ya ratsa ta Gao, ya biyo Yamai da Damagaram kafin Fort-Lamy. Wannan shi ne lokacin da ƙasar Nijar ta zama mashiga tsakanin Turai da tsakiyar Afirka. Kada mu manta, a 1926 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Jirgin sama ya ɗan mayar wa Damagaram wani matsayi da ta rasa, ko da yake ba don ita ake sauka ba, don tankin jirgi ne ƙarami.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen DC-4 masu inji huɗu suka iya ƙetare Sahara a tashi guda, sai Kano ta zama zangon Sabena. A 1960 Boeing 707 ya shiga layin, buƙatar sauka a Sahel ta kau. Sabena kanta ta durƙushe a 2001, Brussels Airlines ta gaji hanyar. Fasinjan da ke bin ta yau yana wuce wannan yanki daga tsayin kusan mita 11000, ba tare da ya sauka ko sau ɗaya a ƙasar Hausa ba.