Tarihin Raɗa wa Sababbun Tubalan Fim Suna: Misali Daga Finafinan Indiya da 'Yan Kallonsu Hausawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinai ya san akwai abubuwan da ba a cika raba labarin fim da su ba. Da zarar an nuna uwa tana rataya wa jaririnta sarƙa, ɗan kallo ya san rabuwa na tafe, kuma ya san wannan sarƙa ce za ta sada su bayan shekaru. Irin waɗannan abubuwa da ake maimaitawa daga fim zuwa fim har ido ya saba da su, su ne aka kira sababbun tubala a wannan maƙala, domin da su ake gina labari kamar yadda magini ke jera tubali.

Manufar maƙalar ita ce bin diddigin yadda aka riƙa gane waɗannan tubala ana raɗa musu suna. Za a fara da masomin wannan al'ada a nazarin adabi, sannan a ɗauki tubali guda daga finafinan Indiya, wato rabuwar 'yan'uwa da sake saduwarsu, a bi tarihinsa. Daga nan sai a dubi sunayen da Hausawa 'yan kallo suka ƙirƙiro wa kansu. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, suna yakan zo ne bayan tubali ya daɗe yana aiki, kuma mai raɗa sunan yakan bar shaidar abin da ya hango a cikinsa. Ke nan sunayen da ke bakin 'yan kallo hujja ce ta tarihi wadda bai kamata manazarta su wofintar ba.

2.0 Masomin Al'adar Raɗa Suna

Al'adar tantance tubalan labari ta girmi fim nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin nan na ƙasar Girka, Aristotle, ya yi nazarin wasannin kwaikwayon zamaninsa, ya ware wani mataki da ya kira ganewa, wato lokacin da ɗan wasa ke gano asalin wanda yake tare da shi. Ya kasa ganewa gida-gida, ya kuma ajiye wadda ake yi ta hanyar alama, kamar tabo ko abin wuya, a matsayin mafi ƙarancin fasaha. A ƙasar Indiya kuwa, wajen ƙarni na 5 Miladiyya, Kalidasa ya gina shahararren wasansa na Shakuntala a kan wannan alama ɗin: sarki ya manta da matarsa, bai tuna ta ba sai da aka tsinci zobensa a cikin kifi. Wato abin da masanin Girka ya raina, shi ne ginshiƙin wasan da Indiyawa suka fi alfahari da shi.

A zamanin kusa, aikin ya koma na ƙididdiga. A 1895 Georges Polti na Faransa ya ce dukkan wasannin kwaikwayo ba su wuce yanayi 36 ba. A 1928 Vladimir Propp na Rasha ya nazarci tatsuniyoyin ƙasarsa guda 100, ya fitar da matakai 31 da suke bi. Tsakanin 1932 da 1936 kuma Stith Thompson na Amurka ya wallafa kundin tubalan adabin baka na duniya a juzu'i 6.

Da fim ya kankama, sai aka sami wasu masu raɗa suna ban da malaman jami'a. Na farko su ne masu sana'ar kansu. A wata lacca da ya gabatar a Jami'ar Columbia a 1939, darakta Alfred Hitchcock ya bayyana abin da suke kira MacGuffin a ɗakin shirya fim, wato wani abu, kamar takardun sirri, da 'yan wasa ke ta fafutukar samu alhali ɗan kallo bai damu da ko mene ne shi ba. Na biyu su ne 'yan jarida da 'yan kallo. A 1994 mai sharhin finafinai Roger Ebert ya fitar da ɗan ƙamus na irin waɗannan sunaye, wanda masu karanta sharhinsa ne suka aiko da da yawa daga cikinsu. A 2004 aka buɗe shafin intanet na TV Tropes, inda 'yan kallo ke tattara dubban sunaye da kansu. Idan aka lura, za a ga hanyoyi uku ke nan da suna ke fitowa: daga manazarta, daga masu sana'a, da kuma daga 'yan kallo.

3.0 Tubalin Rabuwa da Saduwa a Finafinan Indiya

Fim ɗin Indiya ya gaji tubalansa da dama daga wasan dandamali na Farisawan Bambai, wanda ya bunƙasa a ƙarni na 19, inda ake cakuɗa waƙa da rawa da barkwanci da abin tausayi a wasa guda. Shi ya sa fim na farko mai magana a ƙasar, Alam Ara na 1931, ya zo da waƙoƙi 7. Tubalin rabuwa da saduwa kuwa ya yi ƙarfi ne da fim ɗin Kismet na 1943, wanda Gyan Mukherjee ya shirya, Ashok Kumar ya fito a matsayin ɓarawon da daga bisani aka gano ɗan wani attajiri ne da ya ɓata tun yana yaro. An shafe fiye da shekara 3 ana nuna shi a wani gidan silima na Kalkata.

Shekara 4 bayan haka, a 1947, aka raba Indiya da Pakistan. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, iyalai da yawa suka watse, wasu har abada. Daga nan labarin ɗa da ya ɓace ya zama abin da ɗimbin 'yan kallo suka sani a gidajensu. A fim ɗin Waqt na Yash Chopra, na 1965, girgizar ƙasa ce ta tarwatsa iyalin wani ɗan kasuwa mai 'ya'ya maza 3, ba su sake haɗuwa ba sai a gaban alƙali. A Yaadon Ki Baaraat na Nasir Hussain, na 1973, an kashe iyayen yara 3 suka rabu, kuma waƙar da suka koya a gida tun suna ƙanana ce ta zame musu alamar ganewa. A nan waƙa ta maye gurbin zoben Shakuntala.

Wanda ya kai tubalin maƙura shi ne Manmohan Desai. A fim ɗinsa Amar Akbar Anthony na 1977, 'yan'uwa 3 sun rabu, ɗaya ya tashi a hannun mabiyin addinin Hindu, ɗaya a hannun Musulmi, ɗaya a hannun limamin Kirista. Tun a farkon fim aka nuna su ukun suna ba wata mata jini a asibiti ba tare da sun san mahaifiyarsu ce ba. Saƙon bai ɓuya wa kowa ba: uwar ita ce ƙasa, 'ya'yan kuma su ne addinanta.

A wannan tsakani ne sunaye suka zauna a bakin 'yan jarida da masu sana'a. An kira wannan tubali da wani suna na Ingilishi mai ma'anar "an ɓata an gano", irin wanda akan rubuta a ofishin ajiye kayan tsintuwa. An kira fim mai haɗa faɗa da soyayya da waƙa da barkwanci masala, wato haɗin kayan yaji. Jarumin da Amitabh Bachchan ya fara fitowa a matsayinsa a Zanjeer na 1973 kuma aka laƙaba masa "fusataccen saurayi", laƙabin da aka aro daga adabin Ingila na shekarun 1950. Abin lura shi ne, akwai ƙanshin zolaya a sunaye biyun farko. Wanda ya kwatanta labarin uwa da ɗanta da kayan tsintuwa ya riga ya ƙoshi da shi. Bayan shekarun 1980 tubalin ya ja baya, har ta kai a 2007 fim ɗin Om Shanti Om na Farah Khan ya mai da tsofaffin tubalan shekarun 1970 abin raha. Wato raɗa suna yakan zama alamar cewa tubali ya fara tsufa a idon masu shi.

4.0 Sunaye a Bakin Hausawa 'Yan Kallo

An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, amma finafinan Ingila da Amurka ne suka fara cin kasuwa. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1960 ne 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka shiga shigo da na Indiya, suka kuwa sami karɓuwar da ta zarce ta sauran. Daga baya talabijin ya shigar da su har cikin ɗakunan matan aure. Tashar NTA ta Kano kaɗai ta nuna fiye da 1,000 tsakanin 1977 da 2003.

Mafi yawan waɗannan 'yan kallo ba su jin Indiyanci, kuma ba kowa ke iya karanta fassarar Ingilishi da akan rubuta a ƙasan hoto ba. Sanin tubala ne ya zame musu tafinta. Wanda ya san yadda aka saba gina labarin ba ya buƙatar jin kowace kalma kafin ya fahimci inda aka dosa. Don haka suka samar da kalmominsu. Mugun da ke gaba da jarumi shi ne bos, kalmar da a Ingilishi shugaban wurin aiki take nufi, amma Bahaushe ya taƙaita ta ga uban 'yan ta'adda na cikin fim. Maƙarrabansa kuma su ne yaran bos. Kowane yaro ya san jarumi ba ya mutuwa a tsakiyar fim, bos kuma sai a ƙarshe ake gamawa da shi.

Haka kuma sun yi wa 'yan wasa laƙabi gwargwadon irin rawar da suka saba takawa. Brian Larkin, a nazarinsa na 1997, ya kawo wasu daga ciki: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt shi ne Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa Mace ake ce masa. Idan aka duba da kyau, waɗannan laƙubba sunayen tubala ne da aka rataya wa mutane. Ɗan Daba Mai Lasin, alal misali, ya taƙaita jarumin da ke karya doka amma labari ya ba shi gaskiya, kuma an auna shi ne da ma'aunin daba, wadda sananniya ce a unguwannin Kano. Laƙabin Mace kuma ya nuna yadda 'yan kallo maza na lokacin suka ɗauki jarumin da soyayya da rawa suka fi yawa a aikinsa.

5.0 Sunaye da Batun Kwaikwayo a Fim ɗin Hausa

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, aka shiga zamanin fim ɗin Hausa na bidiyo. Cikin shekara 10, musamman bayan nasarar Sangaya da Wasila a wajen 2000, kasuwa ta raba finafinan gida biyu da sunaye: santimental, wato na soyayya da waƙa, da camama, wato na barkwanci masu sauƙin kuɗi irin waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi fice a kansu. Masu sana'a da 'yan kasuwa ne suka raɗa waɗannan. Ta fuskar manazarta kuwa, Abdalla Uba Adamu ya ware tubala 3 da ya ga sun mamaye finafinan, ya kuma danganta su da tasirin Indiya: auren dole, soyayyar mutum uku, da rawa da waƙa tsakanin mace da namiji.

A nan ne amfanin tantance tubali ɗaya bayan ɗaya yake fitowa fili. An daɗe ana yi wa fim ɗin Hausa kuɗin goro da cewa kwaikwayon Indiya ne. Game da rawa da waƙa ta saurayi da budurwa a lambu, zargin yana da tushe. Amma sauran tubalan suna da tarihi a gida. Littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930, an gina shi ne a kan saurayin da attajiri ya raba da budurwarsa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934, labari ne na yaron da aka sace aka raba shi da mahaifiyarsa, ita kuma ta bi sawunsa har ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ba su sadu ba sai a Arewacin Afirka gab da rasuwarta; Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Wato shekara 9 kafin Kismet, Hausa tana da nata labarin rabuwa da saduwa, kuma cinikin bayi ne ya haife shi, kamar yadda rabuwar ƙasa ta ƙarfafa na Indiya. Gabar kishiyoyi kuwa, tatsuniya ta riga ta raɗa mata suna tun kaka da kakanni, wato bora da mowa. Wannan na iya zama ɗaya daga dalilan da suka sa finafinan Indiya suka kwanta wa Hausawa a rai tun farko: sun tarar da tubalan da suka sani cikin sabuwar riga.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa tantance tubalan labari ya faro ne daga nazarin wasan kwaikwayo da tatsuniya kafin ya shigo fim, kuma sunaye na fitowa daga manazarta da masu sana'a da 'yan kallo. An ga yadda tubalin rabuwa da saduwa ya yi tashe a Indiya daga 1943 zuwa ƙarshen shekarun 1970, da yadda sunansa ya zauna a daidai lokacin da aka fara ƙosawa da shi. An kuma ga cewa Hausawa sun kalli waɗannan finafinai da idon da ya riga ya san labari, suka raɗa sunaye daga rayuwarsu.

Aikin da ya rage wa sassan nazarin harsunan Nijeriya shi ne tattara waɗannan kalmomi. Yawancin tsofaffin gidajen silima na Arewa sun rufe, mutanen da suka cika su a shekarun 1960 da 1970 kuma suna ta raguwa. Ya kamata a zauna da su, da masu sayar da kaset na da, da masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, a rubuta kowane suna da ma'anarsa da garin da aka ji shi da kuma lokacin da ya yi tashe. Da irin wannan kundi ne za a iya gina keɓaɓɓun kalmomin nazarin fim da Hausa, kafin a juya ga fassaro na wasu harsuna domin cike giɓin da ya saura.