Daga Mil Zuwa Kilomita: Tarihin Sauyin Ma'auni a Nijeriya

Gabatarwa

Hausawa na cewa zamani riga ne. To, amma akwai rigar da ake sa wa mutum ya karɓa nan take, akwai kuma wadda zai rataya a kafaɗa ya ci gaba da harkarsa cikin tsohuwar. Abin da ya faru ke nan ga ma'aunin mita da kilo a ƙasar nan. A cikin wannan ɗan bayani zan yi ƙoƙari in bi sawun yadda Nijeriya ta bar mil da galan da laba ta koma kilomita da lita da kilo, in kuma nuna wa mai karatu cewa sauyin ya ci nasara ne a wurin da hukuma ko babban kamfani ke riƙe da abin awo, ya kuma tsaya a bakin ƙofa a wurin da abin awon ke hannun jama'a.

Kafin zuwan Turawa

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa awo ba. Jikinsa ne ma'auninsa na farko. Masaƙi na auna fari da kamu, watau daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa. Mai haƙar rijiya na lissafi da gaba, watau tsawon hannu biyu in an ware su. Manomi na auna gona da taki, fatake kuma na ƙirga nisa da zango. Hatsi da mudu ake aunawa, zinariya da miskali, wuri kuwa in ya kai 20,000 ya zama keso.

Musulunci ya zo da nasa ma'aunai. Zakkar fid da kai sa'i ɗaya ce, watau mudun Annabi huɗu. Har ila yau, kalmar mil kanta malamanmu sun san ta tun kafin mulkin Ingilishi, domin Risala ta Ibn Abi Zaid ta sa nisan tafiyar da ake yi wa ƙasaru mil 48. Mil ɗin fiƙihu dabam yake da na Bature, amma asalinsu ɗaya ne, watau taki dubu na sojan Rum. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa kalmar ta zauna daram a bakin Bahaushe.

Zamanin mil da laba

Da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, sai cinikin gyaɗa da auduga da fatu ya koma kan sikeli. Nan ne laba da oza da tan suka shigo, haka kuma yadi da ƙafa da inci da galan da eka. Duwatsun mil suka jeru a bakin hanya.

Wannan ma'auni yana da wuyar lissafi ƙwarai. Inci 12 ne ƙafa, ƙafa 3 ne yadi, yadi 1,760 ne mil. Oza 16 ce laba, laba 2,240 ce tan. Kuɗi ma haka: kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Manomin da bai shiga makarantar boko ba, in ya kai gyaɗarsa gaban malamin sikeli, sai abin da aka faɗa masa.

A can ƙetaren iyaka kuwa, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun faɗa hannun Faransa, ƙasar da ta ƙago mita da kilo a 1795, ta kuma tilasta amfani da su daga 1840. Tsarin nan goma-goma yake tafiya: mita 1,000 ne kilomita, giram 1,000 ne kilo. Saboda haka direban da ya taso daga Katsina da mil, da ya wuce Jibiya sai ya tarar da kilomita, alhali mutanen wuri ɗaya ne, harshensu ɗaya.

Shekarun sauyi

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta yi aikin, bayan an gama yaƙin basasa a 1970, kuma sauyi uku ta jera bi da bi. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, motoci suka bar hannun hagu suka koma dama, don mu yi daidai da Nijar da Cadi da Kamaru da Dahome. Ranar 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule: fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. A 1974 aka kafa dokar awo da ma'auni wadda ta aza kasuwancin ƙasa bisa mita da kilo da lita. Ingila kanta, uwar ɗakin mil, ta riga ta ba da sanarwar komawa tsarin mita tun 1965, ga shi kuma cinikinmu da Jamus da Faransa da Japan yana ta ƙaruwa.

A kan hanya sauyin bai sha wuya ba, don allo ba ya gardama. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, saboda haka tafiyar mil 100 ta koma kilomita 161 ba tare da gari ya gusa ba. Haɗarin da ke ciki shi ne na gudu. Mil 50 a awa shi ne kilomita 80. Direban da agogon tsohuwar motarsa ke nuna mil, in ya ga 80 a allo ya bi ta da ƙafa, to, kusan kilomita 129 yake shararawa. Sai da tsofaffin motoci suka ƙare wannan ruɗani ya kau.

Gidan mai ma haka. Galan na Ingilishi lita 4.546 ne, da aka juya famfo kuwa, magana ta ƙare. Yau ko ɗan acaɓa da lita yake lissafi. Buhun siminti da na takin zamani suka tsaya a kilo 50. Daɗa, da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta a 1976, miliyoyin yara suka tashi da mita da kilo a littafin lissafi.

Inda doka ta tsaya

To, yanzu mai karatu ya shiga Kantin Kwari ya ce a yanko masa mita biyar na shadda, ya ga yadda za a dube shi. Da yadi ake saye, turmin atamfa kuma yadi shida ne. Tela da inci yake auna wuya da hannu. Magini na neman bulo inci tara ko inci shida. Dillalin fili na cewa fuloti ƙafa 50 ne da ƙafa 100. Unguwar Mil Tara a Kano da kasuwar Mil 12 a Ikko ba wanda ya ce a mai da su kilomita. Ko a Ingila, har gobe allunan hanya da mil suke.

Ga ɗalibin harshe, abin sha'awa shi ne yadda kalmomin suka tsira ta hanyar sake ma'ana. Galan yanzu sunan mazubi ne, ko lita nawa yake ci. Mutane sun daɗe suna kiran kwabo goma sule, naira biyu fam, kuma har yanzu akwai masu ce wa naira 200 jaka, domin jaka fam 100 ce a da. Waɗanda suka mutu su ne waɗanda abin da suke nufi ya ɓace: anini, da taro, da nai. Sisi kuwa ya rage a bakin wanda ke cewa ba shi da ko sisi.

Sai dai akwai wurin da wannan riƙo ke cutarwa, watau kasuwar hatsi. Mudu da tiya ba su da girma ɗaya daga gari zuwa gari, wani lokaci ma daga rumfa zuwa rumfa. Ana iya bubbuge gindin kwano ya rage ci, ana iya saye daga manomi da babba a sayar wa magidanci da ƙarami, ana iya tara hannu a baki ko a janye shi. Alƙur'ani mai girma ya yi wa masu tauye mudu sura guda, amma sifeton awo ya fi sanin hanyar gidan mai da ta kasuwar ƙauye. Jama'a kuma ba su guji sikeli don wauta ba. Mudu kowa na ganin cikarsa da idonsa, allurar sikeli kuwa sai wanda ya iya karatu, kuma iyayenmu ba su manta da zamanin awon gyaɗa ba.

Kammalawa

A taƙaice, ƙasar Hausa tana tafe da ma'auni hawa uku: na kaka da kakanni, da na Ingilishi, da na mita. Dokar 1974 ta daidaita abin da mai mota ke saye, ta bar abin da talaka ke ci ba mai tsaro. Ni a ganina ba kashe mudu ya kamata a yi ba, tun da shekara 50 ba ta kashe shi ba. Abin da ya dace shi ne hukumomin jihohi su yanke masa girma ɗaya da lita, su buga masa hatimi, sarkin kasuwa ya ajiye na gwaji wanda kowa zai iya zuwa ya gwada nasa da shi. Mu kuma ɗaliban Hausa, aikinmu ne mu zauna da tsofaffin masaƙa da ma'auna da fatake mu rubuta kamu da gaba da keso yadda suka san su, tun suna raye.