Makonni da Adalci: Tarihin Hukumar Ɗaukaka Ƙarar Gine-gine ta Ingila

A shekarar 1947 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar da ta sauya ma'anar mallakar fili. Mutum yana iya zama mai fili halak malak, amma ba zai aza tubali a kansa ba sai da izinin ƙaramar hukuma. Wanda aka hana, ƙofa guda aka bar masa: ya ɗaukaka ƙara zuwa ga minista. Ministan kan aika sufeto ya saurari ɓangarori, ya duba wurin, ya rubuta rahoto. Mai ƙara kuwa galibi ba ya ganin rahoton, hukunci kawai yake ji.

Abin da ya girgiza wannan tsari rigimar wata gona ce, Crichel Down a gundumar Dorset, wadda gwamnati ta karɓa a 1938 don atisayen jiragen yaƙi, daga baya ta ƙi mayar wa magada duk da alkawari. Ministan gona Thomas Dugdale ya yi murabus a 1954. Abin kunyar ya haifi kwamitin Franks, wanda rahotonsa na 1957 ya kafa duwatsun murhu uku ga irin wannan bincike: yin komai a fili, adalci, da rashin son kai. Daga nan aka fara bayyana rahoton sufeto. Dokar 1968 ta ƙara gaba, ta ba sufetoci ikon yanke hukunci da kansu a wasu ƙararraki, har ya zama yau mafi yawansu ba sa isa teburin minista.

Zamanin Margaret Thatcher ya zo da wani harshe dabam. Shirin Next Steps na 1988 ya nemi a ware sassan gwamnati masu aikin yau da kullum a tafiyar da su tamkar kamfani. A watan Afrilun 1992 sufetocin suka zama hukuma mai shugabanta, Planning Inspectorate, da hedikwata a Bristol. Aka soma rubuta tsarin gudanarwa na shekara-shekara, aka sa wa kowane nau'in ƙara wa'adi, mai ƙara ya koma abokin ciniki a bakin takardu.

Ba na cikin masu raina wannan sauyi. Jinkiri ma zalunci ne: magidancin da ya ci bashi don ƙara ɗaki yana biyan ruwa a kowane watan da takardarsa ta kwana a ofis. Binciken ƙarin tashar fasinja ta biyar a filin jirgin Heathrow ya ɗauki daga 1995 zuwa 1999, kuma ya zama hujjar masu cewa tsohon tsari ya gaji. An kai ƙararraki intanet, an buɗe gajeriyar hanya ga ƙananan gine-ginen gida a 2009, sannan a 2012 aka ɗora wa hukumar duba manyan ayyukan ƙasa. Duk da haka, nazarin Bridget Rosewell na 2019 ya tarar ƙarar da ake zaman sauraro a kanta tana cin kusan mako 47, ya ba da shawarar a rage kusan rabi ta hanyar naɗa sufeto da wuri.

Matsalar ita ce tsarin gudanarwa abin da ke ƙirguwa yake gani. Mako yana ƙirguwa; ko an saurari tsohuwar da za a toshe wa hasken taga, wannan ba ya shiga jadawali. Gajeriyar hanyar 2009 ta samu saurinta ne da rufe ƙofar sabon bayani: abin da maƙwabci ya rubuta wa ƙaramar hukuma tun farko shi kaɗai sufeto zai karanta. Kuma tun 1947 har yau, mai neman izini ne kaɗai ke da haƙƙin ɗaukaka ƙara. Maƙwabcin da aka ba wani izini a jikin katangarsa, sai dai ya nufi babbar kotu da kuɗin lauya a hannu, can ma bin ƙa'ida za a duba, ba dacewar ginin ba.