Waye Jamal Musiala? Tarihin Yaron Da Jamus Ta Riga Ingila Da Najeriya Samu

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo a Agege ko Sabon Ibadan ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa: da Musiala ya sa rigar Super Eagles, da ina muke yanzu? Wasu ma ba su san yana da alaƙa da ƙasar nan ba. To ga tarihinsa, don mai gardama ya yi ta da hujja.

An haifi Jamal Musiala ranar 26 ga Fabrairu 2003 a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus. Mahaifinsa Bayarabe ne ɗan asalin Najeriya, mahaifiyarsa kuma Bajamushiya. A garin Fulda ya fara tasowa, a nan ya fara taka leda a wata ƙaramar ƙungiya mai suna TSV Lehnerz. Yana shekara 7 iyalin suka koma Ingila saboda karatun jami'a da mahaifiyar ta samu a Southampton. Ya ɗan taɓa zama a makarantar horar da yara ta ƙungiyar Southampton na 'yan watanni, sai Chelsea ta ɗauke shi a 2011. Shekara takwas ya yi a can. Wato ƙwallon da yake bugawa yau a Landan ya koye ta, kuma har gobe magoya bayan Chelsea ba sa son a tuna musu yadda ya suɓuce musu.

A watan Yulin 2019, yana shekara 16, ya koma Jamus ya shiga Bayern Munich. Bai daɗe a ƙungiyar matasa ba. Ranar 20 ga Yuni 2020 aka sako shi a wasa da Freiburg yana da shekara 17 da kwana 115, a lokacin ba a taɓa yin mai ƙarancin shekaru kamarsa da ya buga wa Bayern wasan Bundesliga ba. Bayan wata uku ya ci ƙwallonsa ta farko, ranar da suka lallasa Schalke da ci 8-0. A Fabrairun 2021 kuma ya ci Lazio a gasar Zakarun Turai.

A nan ne maganar ƙasa ta taso. Ƙasa uku ke da haƙƙi a kansa: Jamus inda aka haife shi, Ingila inda ya girma, da Najeriya ƙasar uba. Ingila ce ta fi kowa sa rai, don ya buga mata tun daga 'yan ƙasa da shekara 15 har zuwa 'yan ƙasa da 21, tare da abokinsa Jude Bellingham. Amma Jamusawa ba su zauna ba. Kocinsu na lokacin, Joachim Löw, da kansa ya zauna da yaron. Ranar 24 ga Fabrairu 2021 Musiala ya sanar cewa Jamus zai buga wa, ranar 25 ga Maris kuma ya fara, a wasan da suka ci Iceland 3-0. Da ya buga gasar Turai a bazarar shekarar, ƙofa ta rufe, don a dokar FIFA wanda ya buga wa babbar tawagar ƙasa irin wannan gasa ba ya sauya sheƙa.

Masu cewa ya guji gida, a ganina ba su yi masa adalci ba. Yaron da aka haifa a Jamus, ya yi makaranta a Landan, wane gida ake nufi? Mu da 'ya'yanmu aka haife su a Idi-Araba suna Yarabanci kamar jakin Legas, amma in an zo cike takarda a ce su rubuta Kano ko Katsina, ai mun fi kowa sanin nauyin wannan tambaya.

Shi dai ɗan wasan tsakiya ne mai kai hari, wani lokacin a sa shi gefen hagu. Siriri ne, har abokan wasansa suka laƙaba masa Bambi, sunan wani ɗan barewa na fim ɗin yara. Ƙarfinsa yanka a wuri matsattse: mutum uku su kewaye shi, ya bi ta tsakaninsu ƙwallo na manne a ƙafa. Abin da aka daɗe ana kuka da shi shi ne riƙe ƙwallo fiye da kima da ɓarar da dama a gaban raga. An ga haka a Kofin Duniya na Katar a 2022, inda ya wahalar da 'yan baya amma bai ci ko ɗaya ba, Jamus kuma ta fita tun a rukuni.

Ranar da sunansa ya zauna a Munich ita ce 27 ga Mayu 2023, wasan ƙarshe na kaka. Borussia Dortmund ce a saman tebur, nasara kawai take nema a gida, sai Mainz ta riƙe ta 2-2. Ita kuma Bayern tana 1-1 da Cologne, kofi na shirin tafiya. Musiala ya taso daga benci, a minti na 89 ya juya a bakin da'irar gola ya buga ta shige kusurwa. Ƙungiyoyin biyu suka ƙare da maki 71, Bayern ta ɗauka da yawan ƙwallaye, karo na 11 a jere.

A gasar Turai ta 2024 da aka yi a Jamus ya ci Scotland da Hungary da Denmark, yana cikin mutum shida da suka raba kyautar takalmin zinare da ƙwallo uku-uku. Sifaniya ce ta fitar da su da ci 2-1 a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, a Stuttgart ɗin da aka haife shi. Shi ne ma ya buga ƙwallon da ta daki hannun Marc Cucurella a ƙarin lokaci, alƙalin wasa Anthony Taylor ya ce babu fenariti. Jamusawa ba su manta ba.

A Fabrairun 2025 ya tsawaita kwantiraginsa da Bayern zuwa 2030, daga baya aka ba shi riga mai lamba 10 a madadin 42 da aka san shi da ita. Sai ƙaddara ta gitta. Ranar 5 ga Yuli 2025, a gasar Kofin Duniya ta ƙungiyoyi a Atlanta ta Amurka, ya yi karo da mai tsaron ragar PSG Gianluigi Donnarumma, ƙashin ƙwaurinsa ya karye, idon sawu ya goce. An yi masa aiki, ya shafe kusan rabin shekara yana jinya. Ga mai wasa irin nasa, da juyi da burki ne jarinsa, idon sawu ba ƙaramin wuri ba ne, shi ya sa ko a gidajen kallonmu da an gan shi ya faɗi sai ka ji wuri ya yi tsit.