Littattafan koyon aikin lasifika da ilimin sauti: da wanne za a fara?

Yawancin masu haɗa kayan sauti a masallatai, wuraren wa'azi da gidajen biki, daga New Bell ta Duwala zuwa Garwa da Njamaina, a hannun maigida suka koyi sana'ar. Sun iya jona waya, amma idan makirufo ya yi ta kuka, ko ƴan sahun baya suka kasa fahimtar huɗuba, sai a koma lalube. Littafi na iya cike wannan giɓi, muddin an san wanda za a fara da shi. Babu takamaiman littafin wannan fanni da ya yaɗu da Hausa, don haka zaɓin yana tsakanin Faransanci da Ingilishi.

Matakin farko: littafin aikin hannu

Ga mai jin Ingilishi, wanda aka fi sani shi ne Sound Reinforcement Handbook na Gary Davis da Ralph Jones, wanda aka rubuta wa kamfanin Yamaha tun a shekarun 1980. Yana bin sauti daga makirufo zuwa mikisa, zuwa amfilifaya, har lasifika, da zane mai yawa da lissafi kaɗan. Ga mai Faransanci akwai Le livre des techniques du son, wanda Denis Mercier ya jagoranci rubutawa, kamfanin Dunod ke bugawa. Juzu'i na farko kan tushen ilimin yake, shi ya kamata a fara saya.

A wannan mataki ake koyon desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti. A fili, duk lokacin da nisanka da lasifika ya ninka, sauti na raguwa da desibel 6, alhali ninka ƙarfin amfilifaya desibel 3 kawai yake ƙarawa. Wanda ya san haka ba zai zuba kuɗinsa a babbar amfilifaya ba, in matsalar ta wurin ajiye lasifika ce. Nan ne kuma ake sanin cewa lasifika biyu masu om 8, in an jona su kafaɗa da kafaɗa, suna komawa om 4. Idan aka ci gaba da ƙarawa, amfilifaya na iya ƙonewa.

Mataki na biyu: ɗakin kansa

Masallacin siminti mai tayil da rufi mai tsawo yana mayar da amo, kalma ta hau kan kalma. Ƙara murya a irin wannan wuri ƙara dagula magana yake yi. Littafin da ya fi sauƙin bayani a nan shi ne Master Handbook of Acoustics na F. Alton Everest, wanda Ken Pohlmann ya sabunta a bugu na baya-bayan nan. Da Faransanci akwai Initiation à l'acoustique na Antonio Fischetti. Dukansu sun yi bayanin ƙa'idar Wallace Sabine na jami'ar Harvard, wanda ya nuna tun ƙarshen ƙarni na 19 cewa daɗewar amo a ɗaki ta danganta da girmansa da yawan abin da ke shanye sauti a ciki, kamar darduma, labule da jikin mutane. Shi ya sa gwajin da aka yi ranar Alhamis a masallaci wayam yake bambanta da abin da ake ji ranar Juma'a.

Mataki na uku: manyan littattafai

Sound System Engineering na Don da Carolyn Davis, wanda ya fara fita a 1975, da Sound Systems: Design and Optimization na Bob McCarthy na 2007, na masu son tsara babban fili ne. Suna buƙatar lissafin sakandare mai ƙwari. A ciki ake koyon jinkirta lasifikar baya: sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka lasifikar da ke mita 34 daga dandali sai an jinkirta ta da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, in ba haka ba a ji muryar sau biyu. Wanda ya fara da waɗannan tun farko yakan ajiye su a babi na biyu.

Abin dubawa kafin saye

Tsohon bugu ba laifi ba ne, domin dokokin sauti ba sa tsufa. Abin da zai rasa shi ne bayanin mikisar dijital da makirufo marar waya na zamani, kuma ana samun wannan kyauta a takardun bayanin kamfanoni a intanet. A guji littafin da ya cika da sunayen kaya ba tare da faɗin dalili ba, da kuma wanda ya shafi ɗakin ɗaukar waƙa kawai.

A lura da babin lantarki. Littattafan Amurka suna magana kan bolt 120, alhali a Nijar, Kamaru, Cadi da Gana wutar bolt 220 zuwa 230 ce, kuma sau da yawa daga janareta take. Batun wayar ƙasa kuwa ba a wasa da shi, don makirufo na iya jan mutum har lahira.

Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi littafin matakin farko kaɗai, ya riƙa gwada kowane babi a kan kayan da ke hannunsa kafin ya wuce gaba.